Sanƙarau da ke dawowa: wani lokaci ƙofar tana gadon baya

A Nijar, sanƙarau ciwo ne da aka san lokacinsa: hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura ta turnuƙe. Mutanen Yamai ba su manta 2015 ba, shekarar da cutar ta kama fiye da mutum 8,000 a ƙasar, ta kashe sama da 500. Shi ya sa idan baligi ya warke, sai kuma zazzaɓi da sandarewar wuya suka dawo masa tsakiyar damina, gida kan fara zargin iska ko sammu.

Likitoci kuwa gadon baya suke dubawa.

Tun cikin kwanaki 28 na farkon ciki ake rufe bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri. Idan rufewar ba ta cika ba, akan haifi yaro da ƙullutu a baya, wanda ba ya ɓoyuwa. Amma akwai nau'in da ya fi wayo: siririyar hanya ce daga fata har zuwa tantanin da ya lulluɓe laka. A waje ba a ganin komai sai ɗan rami a tsakiyar baya, sama da tsagar ɗuwawu, wani lokaci da tsiron gashi, jan tabo ko ɗigar ruwa. Uwa ta ɗauka tawadar Allah ce. Galibi tun ƙuruciya ake gano shi, amma wasu kan girma har su yi aure da shi.

Ta nan ƙwayoyin cuta na fata da na bayan gida, irin su Staphylococcus da E. coli, ke shiga. Rigakafin MenAfriVac da aka soma a Nijar a 2010 ba don su aka yi shi ba, kuma irin wannan sanƙarau ba ya zama annoba. Allurar kashe ƙwayoyin cuta na kwantar da ciwon, amma muddin hanyar na buɗe zai iya komowa, kowace dawowa kuma na iya tafiya da ji ko ƙarfin ƙafafu. Hoton IRM ke nuna ta, tiyata ke rufe ta. Tsokane ramin da tsinke ko kai shi wajen wanzami ƙara wa wuta mai ne.

Tsagewar ƙoƙon kai, irin wadda haɗarin kabu-kabu ke bari, ita ma kan buɗe irin wannan ƙofa.

Ga ƴan ci-rani a Aljeriya, Libiya ko Faransa, inda babu takardun asibitin gida, magana ɗaya na iya sauya binciken likita: ba wannan ne karon farko ba.