Idan Sabuwar Windows Na Tafe: Wace Jarrabawar Kwamfuta Za Ka Zana?

Duk sa'ad da kamfanin Microsoft ya fara shelar sabuwar Windows, matasa masu neman satifiket na aikin kwamfuta sukan shiga tsaka mai wuya. Mutum ya tara kuɗi, ya sha karatu wata da watanni, sai ya ji ana cewa babbar manhajar da ya ƙware a kanta ta kusa zama tsohon yayi. Shin ya zana jarrabawar da ke ƙasa, ko ya dakata sai sabuwa ta fito? Tambayar tana da nauyi a wurinmu, domin da dala ake yanke kuɗin waɗannan jarrabawowi, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne ma'aikatu ba sa gaggawar sauya manhaja. Windows Vista ta shigo kasuwa a 2007, amma ɗimbin ofisoshi da bankuna suka riƙe XP har Microsoft ya daina kula da ita a Afrilun 2014. Windows 8 ta fito a 2012, ita ma aka kewaye ta, aka zauna kan Windows 7 har Janairun 2020. Windows 11 kuwa ta fito a Oktoban 2021, amma ba a janye tallafin Windows 10 ba sai ranar 14 ga Oktoban 2025, shekara huɗu cur. Dalilin jinkirin a bayyane yake: sauyi yana cin kuɗi, wasu manhajojin ofis ba sa aiki a kan sabuwa, wani lokacin ma na'urar ce ba ta ɗauka. Windows 11 tana buƙatar ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa ba su da shi. Saboda haka wanda ya iya tsohuwar manhaja ba ya rasa aiki ranar da sabuwa ta sauka. Hasali ma shi ake nema lokacin ƙaura daga wannan zuwa waccan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai satifiket iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗaure da manhaja ɗaya, shi ne ke saurin tsufa. Shekaru da dama MCSA da MCSE su ne abin tinƙaho, amma a ƙarshen Janairun 2021 Microsoft ya rufe jarrabawowinsu, ya koma ba da shaida gwargwadon aikin da mutum zai yi. Jarrabawar MD-100 da MD-101, na masu kula da kwamfutocin ma'aikata, su ma an maye gurbinsu da MD-102 a 2023. Akwai kuma wanda ya tsaya kan tushe. CompTIA A+ bai jingina da kamfani ɗaya ba, yana gwada sanin kayan cikin kwamfuta da gano matsala da taɓa Windows da Linux da macOS. CCNA na kamfanin Cisco kuwa sadarwar kwamfutoci ya sa a gaba, kuma yadda ake raba adireshin IP ba ya canzawa don an sake fasalin allon Windows.

Kafin ka biya ko sisi, shiga shafin masu jarrabawar ka duba ranar da za a rufe ta. A+ takardu biyu ce, kuma dole su fito daga zubi ɗaya. Sabon zubi, 220-1201 da 220-1202, ya fito a Maris ɗin 2025, aka rufe tsohon a Satumba. Wanda ya ci takarda ɗaya a tsohon zubi bai kammala ta biyu ba, sai ya sake daga farko. Amma wanda ya kammala, rufe jarrabawa ba ya soke shaidarsa. Ka kuma san wa'adinta: na CompTIA A+ da CCNA shekara uku ne, na Microsoft masu alaƙa da aiki shekara ɗaya, kuma na Microsoft ɗin ana sabunta su kyauta ta intanet.

To, mene ne abin yi? Idan yanzu ka fara, kama tushe, kada ka kula da jita-jitar sabuwar manhaja. Idan ka yi nisa da shiri kuma akwai isasshen lokaci, zana wadda ke ƙasa. Idan kuwa ranar rufewa ta matso kai kuma ba ka buɗe littafi ba, fara da sabuwa. Sannan ka girka VirtualBox, wadda kyauta ce, ka riƙa gwada sabuwar manhajar ba tare da ka taɓa ta aikinka ba. Ka guji masu sayar da tambayoyin sata, domin ranar da kwamfutar ofis ta ƙi tashi, hadda ba za ta cece ka ba.

Zaɓi aikin da kake son yi tukuna, sannan ka nemi shaidar da masu ɗaukar wannan aiki suke tambaya. Kada jiran manhajar da ba ta iso ba ya cinye maka shekara.