Layuka Biyu da Ke Tafiyar da Girgijen OpenStack

Duk ma'aikatar da ta ƙuduri gina girgijen kwamfuta na kanta, wato tarin manyan na'urori da ake yanka wa masu aiki ƙarfinsu gwargwadon buƙata, da wuya ba ta ci karo da OpenStack ba. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin Rackspace ne suka ƙaddamar da ita a watan Yulin 2010. Buɗaɗɗiyar manhaja ce: kowa na iya ɗaukar ta kyauta, ya duba cikinta, ya gyara. Cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da Janeba tana aiki da ita tun 2013.

Sai dai OpenStack ba ta tayar da ko kwamfuta ɗaya da hannunta. Aikinta irin na ɗan kamasho ne a tasha: ya san motar da ke da wuri, ya tura fasinja, amma direba ke tuƙi. Direban nan shi ne haifabaiza, manhajar da ke raba na'ura guda zuwa kwamfutocin kwaikwayo masu yawa, kowacce da nata rabo, babu mai leƙa ta wani. Akwai irinsu da dama, kamar Xen da ya fito daga Jami'ar Kambirij a 2003, da Hyper-V na Microsoft, da ESXi na VMware. Wanda aka fi haɗawa da OpenStack shi ne KVM, wanda kamfanin Qumranet ya ƙirƙira, ya kuma shiga cikin zuciyar Linux a 2007.

Sashen OpenStack mai kula da kwamfutoci sunansa Nova, kuma yana karɓar umarni daga fayil ɗin nova.conf da ke kan kowace na'ura. A nan injiniya zai rubuta compute_driver = libvirt.LibvirtDriver, ma'ana Nova ta yi magana da haifabaiza ta bakin libvirt, manhajar da ke shiga tsakaninsu. Sannan a sashen libvirt ya sa virt_type = kvm. Da waɗannan layuka biyu aka ƙulla zumuncin.

Kafin nan dole a tambayi ita kanta na'urar. KVM na dogara ne da wata baiwa da aka gina cikin firosesa, wadda Intel ke kira VT-x, AMD kuma AMD-V. Ana duba fayil ɗin /proc/cpuinfo a nemi alamar vmx ko svm. Sau da yawa baiwar tana nan amma an kashe ta a BIOS, sai an kunna. Idan babu ita sam, sai a koma virt_type = qemu, inda manhaja ke kwaikwayon firosesa ɗungurungum. Komai zai tashi, amma da tafiyar hawainiya. Wannan ya isa ga ɗalibi mai gwaji, bai dace da asibiti ko banki ba.

Saura shawarwari biyu masu buƙatar natsuwa. Ta farko, cpu_mode. Wanda ya zaɓi host-passthrough zai samu cikakken ƙarfin firosesa, amma ɗauke kwamfuta tana cikin aiki zuwa na'ura mai firosesa daban zai yi wuya. Wanda ya zaɓi custom ya sadaukar da ɗan ƙarfi, ya samu sauƙin ƙaura ranar gyara. Ta biyu, yawan alkawari. Shekaru da dama a baya, tsarin asali na Nova ya kasance yana ba da damar raba ƙwayar firosesa ɗaya ga ƙwayoyin kwaikwayo 16, bisa zaton ba kowa zai nema lokaci guda ba. Ranar da kowa ya nema, kowa zai ji a jikinsa.

Me ya sa wannan ya shafi wanda ba injiniya ba? A Nuwamban 2023 kamfanin Broadcom ya kammala sayen VMware, daga baya ya daina sayar da lasisin dindindin, ya koma kuɗin haya. Ma'aikatun da suka jingina komai kan haifabaiza ɗaya na sayarwa suka ga ba su da ta cewa. Mai OpenStack da KVM ba ya biyan lasisi, amma yana biya da ilimi: sai ya mallaki mutanen da suka san ma'anar kowane layi a nova.conf. Jami'a ko hukumar da ke son bayananta su zauna a hannunta, ta fara da horar da waɗannan mutane tun kafin ta sayi na'ura.