Masarar da ta yi funfuna na karya garkuwar jikin dabba

Mai kiwo a Jos Jarawa ko Bukuru zai kira likitan dabbobi a yi wa garkensa rigakafi, ya biya kuɗi, amma bayan 'yan makonni cutar da aka yi wa allurar ta shigo ta yi ɓarna. Sai ka ji ana cewa ai allurar jabu ce. Sau da yawa laifin na cikin buhun abinci ne.

Damina a Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga sanyi ga laima. Masarar da ke fitowa daga wajejen Mangu, in aka zuba ta a buhu ba ta gama bushewa ba, sai ta yi funfuna. Funfunar nan ita ke fitar da gubar aflatoksin, musamman a masara da gyaɗa da tunkuza. Duniya ta san ta ne a 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin tunkuzar gyaɗa daga Brazil.

To yaya take aiki? Hanta take fara kamawa, ta hana jiki ƙera sinadaran da yake yaƙar cuta da su, ta kuma raunana fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki. Ita kuwa allurar rigakafi horo ce ake ba sojojin nan. In sun galabaita, horon ba ya shiga. An bi diddigin wannan a kan aladu, domin suna cikin dabbobin da gubar ke saurin kamawa: masu bincike a Faransa sun ga cewa aladen da ke cin gurɓataccen abinci ba ya karɓar rigakafi yadda ya kamata, ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Wata gubar masarar, fumonisin, har ruwa take tara wa alade a huhu.

Wani zai ce ina ruwanmu da alade? Akwai ruwanmu. Masarar da ake niƙa wa aladu a Filato ita ce dai ake lodawa zuwa Bodija da Mile 12. Kaza ma haka take yi: ta rage ƙwai, rigakafin Gumboro ya ƙi kama ta. Saniya kuwa gubar na fita ta nononta. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu sanadin irin wannan masara.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar nan ta ware baƙar masara a karya kuɗinta a ce “ta dabbobi ce”. Dafuwa ba ta kashe gubar, niƙa ma sai dai ya baza ta cikin garin. In za ka sayi kaya, zura hannu tsakiyar buhu, ka shinshina, ka ciza ƙwaya ka ji ta yi ƙaras. Manoman da kuke saye wajensu kuma a tambaye su ko suna watsa Aflasafe, maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta samar, a gona kafin masara ta yi fure.