Malamin Jami'a da Sana'ar Koyarwa: Giɓin da Digirin Digirgir Bai Cike Ba

A tsarin ilimin Nijeriya, ƙa'ida ba ta yarda malamin firamare ya shiga aji ba sai ya mallaki takardar NCE, wadda ke shaida cewa an koya masa dabarun koyarwa kuma an gwada shi a gaban yara, haka kuma ana buƙatar malamin sakandare ya yi digiri a fannin ilimi ko ya ƙara da difloma a kan nasa fannin. Malamin jami'a kuwa, wanda a hannunsa da yawa daga cikin waɗancan malamai suke samun horo, ana ɗaukarsa aiki ne bisa kyawun sakamakon digirinsa, sannan a damƙa masa kwas da ɗalibai ɗaruruwa, ba tare da an taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake tsara darasi, ko yadda ake tsara tambayar jarrabawa, ko yadda ake gane cewa aji ya fahimta ba. Abin da yake komawa gare shi a irin wannan hali shi ne kwaikwayon malaman da suka koyar da shi, ya gaji kyawawan halayensu tare da munanan.

Wannan al'ada tana da tushe a tarihi. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta biyo baya a 1962, an gina su ne a kan tsarin Ingila na wancan zamani, inda aka ɗauka cewa duk wanda ya ƙoshi da ilimin fanninsa zai iya isar da shi. Zaton bai yi ɓarna sosai ba a lokacin, saboda ɗaliban kaɗan ne, an tace su an rairaye, kuma bayan lacca akan raba su ƙananan rukunoni inda malami zai san kowa da sunansa. Daga 1975, lokacin da aka kafa sababbin jami'o'i a Sakkwato da Maiduguri da Jos da wasu garuruwa, aka kuma ɗaga Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano har ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, sai yawan ɗalibai ya riƙa ninkuwa, ƙananan rukunonin suka ɓace a yawancin sassa, laccar kaɗai ta rage. Yau jami'o'in ƙasar sun haura 250, masu zana jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a shekara sun kai kimanin miliyan 2, amma hanyar shirya malami don aji tana nan kusan yadda aka gada.

Ba za a ce hukuma ta yi watsi da horar da malamai ba. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa don tantance buƙatun jami'o'in gwamnati, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, ya gano a rahotonsa na 2012 cewa cikin malamai 37,504 kashi 43 cikin 100 ne kawai ke da digirin digirgir, wato digiri na uku. Asusun TETFund, wanda ya samo asali daga dokar harajin ilimi ta 1993 bayan yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a 1992, ya ɗauki nauyin dubban malamai zuwa karatun digiri na biyu da na uku a gida da waje tun daga 2008, kuma ya cancanci yabo a kan haka. Sai dai digirin digirgir horo ne na bincike: mutum yakan shafe shekara uku zuwa biyar yana tonon matsala guda ƙwaya ɗaya har ya fi kowa saninta, alhali aikin da ke jiransa shi ne ya buɗe wa ɗan aji ɗaya, wanda bai san komai ba tukuna, ƙofar fannin gaba ɗaya. Sau da yawa zurfin ilimin ma yakan sa malami ya manta da inda mai koyo ke tuntuɓe, domin abin da ya daɗe da zama masa ruwan sha ba ya ƙara ganinsa a matsayin wahala.

Tsarin ƙarin girma ya ƙara dagula lamarin. Daga matakin mataimakin malami har zuwa kujerar farfesa, abin da kwamitoci ke ƙirgawa shi ne maƙalun da aka buga a mujallu da littattafai da takardun taro, koyarwa kuwa akasari shekarun da aka yi ana yin ta ake lissafawa, ba ingancinta ba. Malami mai hankali ya san inda ribarsa take, don haka daren da zai ɓata yana gyara darasi gara ya ɓata shi a kan maƙala. Ernest Boyer na Gidauniyar Carnegie ta Amurka ya yi wannan ƙorafi game da jami'o'in ƙasarsa tun a 1990, inda ya nemi a ɗauki koyarwa a matsayin reshe na malanta daidai da gano sabon ilimi da haɗa fannoni da amfani da ilimi a aikace, a kuma auna ta da hujja kamar yadda ake auna bincike.

Sakamakon ana ganinsa ƙarara a kwasa-kwasan bai-ɗaya da ake tilasta wa 'yan aji ɗaya. Ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 10 a likitanci, amma a irin waɗannan kwasa-kwasai ɗakin lacca yakan cika maƙil, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya, malami yana karanto tsohon rubutunsa da lasifikar da ke yankewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, na gaba suna rubutawa, na baya suna jiran su ɗauki hoton littafin na gaba da waya. In ya tambaya ko an gane, ɗakin ya amsa baki ɗaya cewa an gane, shi ma ya san amsar ladabi ce. Ƙarshen zango ɗalibi ya haddace takardun da ake kira handaut, ya juye su a takardar jarrabawa, bayan mako biyu ya manta.

Horon koyarwa na gaskiya yana farawa ne daga tambayar da ba a saba yi ba, wato me ake so ɗalibi ya iya yi bayan kammala kwas, maimakon me malami zai faɗa. John Biggs, masanin ilimi ɗan Ostareliya, ya bayyana wannan a 1996 da abin da za a iya kira daidaita ginshiƙai uku: manufar kwas da ayyukan aji da jarrabawa su fuskanci alƙibla ɗaya. Idan manufar kwas a sashen Hausa ita ce ɗalibi ya iya nazarin karin waƙa, amma jarrabawa ta ce ya lissafo sunayen karuruwa ya kawo ma'anarsu, to ginshiƙan sun saɓa, kuma ɗalibi zai bi jarrabawar ne domin a can makinsa yake. Daidaitawar ita ce a ba shi baitin da bai taɓa gani ba a ce ya yanka shi ƙafa-ƙafa ya fitar da karinsa, tun a aji kafin ranar jarrabawa. Matakan fahimta da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka tsara a 1956, daga tunawa zuwa fahimta da aiwatarwa da ƙwanƙwancewa har zuwa yanke hukunci, suna taimaka wa malami ya duba tambayoyinsa na shekarun baya ya ga nawa ne suka wuce matakin farko.

Akan ce irin waɗannan dabaru na masu ƙananan azuzuwa ne da kayan zamani, amma tarihin wasu daga cikinsu ya ƙaryata haka. Eric Mazur, malamin fiziya a Jami'ar Harvard, ya lura a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna warware lissafi daidai amma ba su fahimci ma'anar abin da suke lissafawa ba, sai ya fito da hanyar koyar da juna a babban aji: ya yi bayani na ɗan lokaci, ya jefa tambaya mai zaɓi, kowa ya zaɓi amsa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, a sake zaɓe. Ba a buƙatar majigi ko wutar lantarki, ɗaga yatsu ya wadatar, kuma cikin minti biyar malami ya san ko ya wuce gaba ko ya koma baya. Wani nazari da Scott Freeman da abokansa suka fitar a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya da injiniya da lissafi, ya nuna cewa faɗuwa ta kai kusan kashi 34 cikin 100 a azuzuwan lacca zalla, ta sauko zuwa kusan 22 inda aka sa ɗalibai aiki a cikin aji. Amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, amma bai ɓace a manya ba.

Sanin dabara a takarda bai isa ba, sai an gwada a gaban mai gyara. Tun a 1963 Jami'ar Stanford ta fito da gwajin ƙaramin darasi, inda malami zai koyar na 'yan mintoci a gaban abokan aiki, a gaya masa abin da aka gani, ya gyara ya maimaita, kuma wayar hannu ta sa ɗaukar hoton irin wannan zama ya zama abu mai sauƙi. Makarantun allo na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan, domin gardi yakan biya wa ƙolo karatu alaramma yana jin sa yana gyara masa shekara da shekaru kafin ya kafa tasa makarantar. A jami'a kuwa shigar abokin aiki ajin wani ana ɗaukarta leƙen asiri ko raini, musamman idan ƙarami ne zai kalli babba, kuma wannan kunya tana cikin abubuwan da shugabannin sassa ya kamata su fara karyawa da kansu.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi cewa malaman manyan makarantu su sami horo kan dabarun koyarwa, kuma Majalisar Rajistar Malamai ta TRCN, da aka kafa a 1993, ta sha yin kira gare su da su yi diflomar ilimi su yi rajista, kiran da bai sami karɓuwa sosai ba. Masu ƙin amsawa suna da 'yar hujja, domin wannan difloma ta PGDE an tsara ta ne da ajin sakandare a zuciya, ba ta taɓo duba kundin bincike ko koyarwa a gefen gadon asibiti ko a ɗakin gwaje-gwaje ba. Ingila ta bi wata hanya bayan rahoton Dearing na 1997, inda yawancin jami'o'inta suka tanadi kwas na musamman ga sababbin malamai, suna yin sa suna kan aiki, da yawa kuma suka sa shi cikin sharuɗɗan tabbatar da mutum a aiki. Abin da aka fi sabawa da shi a nan Nijeriya shi ne taron bita na kwana biyu a otal, a raba jaka da takardar shaida da alawus, mai jawabi ya shafe awa uku yana lacca a kan illar lacca, kowa ya koma ajinsa yadda ya baro shi.

Manhajar CCMAS, wadda NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na kwasa-kwasanta ta tsara da kanta, aikin da ke buƙatar malaman da suka iya rubuta manufa da auna ta. Gaskiya ne malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wanda ya sha yajin aikin wata takwas a 2022, yake kuma duba takardu dubu shi kaɗai, ba zai yi maraba da ƙarin nauyi ba, saboda haka horon da ba a rage wa mai yin sa aiki ba, ba a kuma sa shi cikin ma'aunin ƙarin girma ba, ba zai yi tasiri ba. Ya rage ga majalisun jami'o'i su wajabta kwas na zango biyu ga duk sabon malami kafin a tabbatar da shi, su ware wa ingancin koyarwa maki bayyananne a ƙarin girma, TETFund kuma ta keɓe wani kaso na kuɗin horar da malamai domin cibiyoyin koyar da koyarwa a cikin jami'o'in kansu.