Kayan Kwance da Adon Ɗaki: Tafiyar Kayan Jere Daga Ɗakin Amarya Zuwa Kasuwa

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Amma duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya tsaya a rumfunan masu tsofaffin kaya, zai ga cewa ba ko'ina wannan karin magana ya ci ba. Can zai tarar da akussa da tasoshi da langogi waɗanda masu su suka rabu da su a kan kuɗi ƙalilan, ga shi kuwa yanzu masu hali suna neman su don ƙawata zaure da falo. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana inda waɗannan kaya suke fitowa, da hanyar da suke bi zuwa kasuwa, da kuma yadda mai saye zai bambance na ƙwarai da na jabu.

Kwance, Gwanjo da Kayan Da

Bahaushe yana da kalmomi uku da ya kamata a rarrabe. Kwance shi ne duk abin da wani ya mora sannan ya sayar ko ya bayar, kamar kwancen riga. Gwanjo kuwa asalinsa ciniki ne na shela, inda ake ta tayi har a sallama wa wanda ya fi, daga baya ne kalmar ta koma nufin tsofaffin tufafin da ake shigowa da su daga Turai. Su kuwa kayan da, watau kayan mutanen dauri, tsufansu shi ne darajarsu. Ashe ke nan kowane kayan da kwance ne, amma ba kowane kwance ne ya kai matsayin kayan da ba.

Jere Shi Ne Tushe

Mafi yawan tsofaffin kayan adon gida da ake gani a kasuwa daga jere suka fito. Jere shi ne kayan ɗakin da iyaye suke yi wa 'yarsu idan za ta tare, kuma a al'ada da shari'a mallakarta ne, miji ba shi da iko a kansu. Saboda haka jere yana da amfani biyu: ado ne da ke nuna gatan amarya, kuma ajiya ce da take juyarwa zuwa kuɗi ranar da buƙata ta taso.

Shi jere yayi gare shi. Da fari ƙore ne masu zane da akussa da faya-fayai. Masu wadata suka ƙara da tasoshin tagulla, musamman ƙirar Nufawan Bida. A zamanin Turawa kwanonin fenti suka shigo daga Turai da Hong Kong, irin su langa da samira da fanteka, ana jera su ɗaya kan ɗaya har su kusa taɓa rufi, a kafa gado mai rumfa a gefe. Daga wajen 1960 aka fara ƙera irin waɗannan kwanoni a cikin Nijeriya, suka yi araha, suka game gari da ƙauye. Bayan haka sai tangaran da kabet suka ture su. Duk lokacin da yayi ya sauya, na da sai ya zama abin kunya a ɗakin amarya, a tura shi ƙarƙashin gado, daga nan sai kasuwa.

Hanyar da Kayan Suke Bi

Mataki na farko shi ne dillaliya. Da yake matan aure da yawa suna cikin kulle, ita ce take shiga gida gida, ta karɓi kaya, ta kai wa mai so, ta ɗauki la'adarta. Babban jarinta shi ne rufin asiri, domin macen da ta sayar da tasar uwarta don hidimar biki ko jinya ba ta son maƙwabta su ji. Hanya ta biyu ita ce rabon gado. Idan tsohuwa ta rasu, magada sukan sa a yi wa kayanta kuɗi, domin kuɗi sun fi kwano sauƙin rabo. Hanya ta uku, wadda ta fi ɓarna, ita ce ta 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe da awo. Su ba ruwansu da zane ko shekaru, sikeli kawai suka sani, kuma tasar da ta faɗa hannunsu makomarta wuta.

Abin da ya tsira ya isa rumfa, nan ne mai nema zai same shi. Cinikin ba shi da ƙayyadadden farashi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama. Wanda ya nuna zumuɗi a fuska, to ya ƙara wa kansa kuɗi.

Gane Na Ƙwarai

A nan ne ilimi yake aiki. Tsohon akushi yakan yi santsi a baki da gindi, wurin da hannu da ƙasa suka daɗe suna goga, kuma baƙinsa ya ratsa itacen. Wanda aka turara da hayaƙi jiya, baƙinsa iri ɗaya ne ko'ina, har yakan bar shaida a yatsa. Wannan dabara ta tsofar da sabon abu ba boyayya ba ce. Masanin nan Christopher Steiner, a littafinsa na 1994 kan cinikin kayan sassaƙa a Abidjan, inda fatake Hausawa suke da ƙarfi, ya bayyana yadda ake sauya kamannin kaya don su dace da abin da baƙi suke so.

Kwanon fenti kuwa, a kifa shi a duba gindi. Idan da tambarin Cekoslobakiya, to an yi shi kafin 1993, shekarar da ƙasar ta rabu biyu. Tasar hannu tana da sawun guduma, kuma zanenta ba ya zama daidai wa daida kamar na inji.

Tsofaffin kuɗi ma suna da nasu tarkon. Anini da kwabo masu huda a tsakiya, waɗanda aka fara bugawa a 1907, shekarar da ke jikinsu abin dogaro ce. Amma liyari, watau azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza, wadda maƙeran fari suke narkawa su yi zobe da awarwaro, ba haka take ba. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk liyarin da aka ci gaba da bugawa bayan nan wannan shekara aka sa masa. Don haka ganin 1780 ba hujja ba ce ta cewa ya shekara ɗari biyu.

Iyakar da Doka Ta Gindaya

Ya kamata mai saye ya san cewa ba kowane tsohon abu ne ya halatta a yi cinikinsa ba. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta sa kayan fasahar gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Langa da samira ba su shiga wannan hukunci ba, amma tsohuwar tasa ko takobi suna iya shiga.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ya bayyana cewa sayen kayan da ya wuce neman araha kawai. Tarihin sarakuna yana cikin littattafai da Gidan Makama, amma tarihin matan Hausawa, na dukiyarsu da sha'awarsu, yawancinsa a jikin ƙwarya da kwano yake. Wanda ya fanshi tasa daga sikelin ɗan gwangwan ya yi aikin kirki. Wanda ya ƙara da tambayar mai ita, da garinta, da lokacin da aka yi mata jere, ya rubuta ya ajiye, aikinsa ya fi cika. Ɗaliban Hausa ba sa bukatar zuwa nesa don fara wannan aiki, ƙarƙashin gadon kakanninsu ya isa. Dama an ce da tsohuwar zuma ake magani.