Gidan da ya ci gaba da hidima bayan masu shi sun ƙone

A watan Mayun 1950 mujallar Collier's ta Amurka ta buga wani gajeren labari na Ray Bradbury mai suna "There Will Come Soft Rains", wato yayyafi mai taushi zai sauka. Shekara biyar ke nan ba su cika ba da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima, kuma a watan Agustan 1949 Tarayyar Sobiyet ta gwada nata. Tsoron yaƙin da zai shafe kowa ya riga ya shiga gidajen Amurkawa.

Babu mutum ko ɗaya mai rai a labarin. Jarumin gida ne a garin Allendale na jihar Kalifoniya, wanda na'urori ke tafiyar da shi. Da ƙarfe bakwai na safe murya ta tashi masu gida, murhu ya soya ƙwai, ya gasa burodi, aka zuba madara. Ba wanda ya ci, sai aka kwashe aka zubar. Ƙananan ɓerayen ƙarfe suka fito suka share ƙura. Sai can Bradbury ya kai mai karatu bangon yamma, wanda ya ƙone ƙurmus in ban da wurare biyar: siffar magidanci yana yankan ciyawa, uwargida ta sunkuya tana tsinkar fure, yaro da yarinya, da ƙwallon da ke tsakaninsu a sama, wadda ba za ta taɓa saukowa ba. Wannan ba ƙirƙira ba ce zalla, domin a Hiroshima an sami irin wannan inuwa a kan matakalar dutse ta wani banki.

A ganina, ƙarfin labarin yana cikin abin da marubucin ya ƙi faɗa. Bai ce wa ya harba ba, bai ce me ya haddasa rikicin ba. Jadawali kawai ya nuna mana, yana tafiya daidai kan lokaci bayan waɗanda aka tsara shi dominsu sun gushe. Duk wanda ya taɓa ganin takarda tana yawo daga tebur zuwa tebur a kan batun da ya daɗe da mutuwa zai gane wannan gida. Ko karen iyalin da ya dawo a rame ya mutu a ciki, ɓerayen nan sun ja gawarsa zuwa wurin ƙona shara kamar kowane datti.

Da dare gidan ya karanta wa uwargida waƙar Sara Teasdale ta lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda aka ɗauko sunan labarin daga gare ta. Daga nan reshen bishiya ya fasa tagar kicin, wuta ta kama, ruwan kashe ta ya ƙare.

Bradbury, wanda aka haifa a Waukegan ta jihar Ilinoi a 1920 ya kuma mutu a 2012, bai yi jami'a ba. A ɗakin karatu na jama'a ya ilmantar da kansa. Mutumin da ya zana gida mai sarrafa kansa bai taɓa koyon tuƙin mota ba. Ya sanya labarin cikin littafinsa The Martian Chronicles a 1950, inda ranar ta kasance 4 ga Agustan 2026, kafin wani bugu na baya ya mayar da ita 2057. Da gari ya waye bango ɗaya ya rage a tsaye, murya tana ta maimaita 5 ga Agusta. A agogon Amurka, ranar ce bam ya faɗa kan Hiroshima.