Yadda ake kula da fatar fuska a lokacin hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu da ke kaɗowa daga Hamadar Sahara kan sa danshin iska ya faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana a birane irin su Kano da Damagaram.

A wannan lokaci fatar fuska kan yi saurin rasa ruwan da ke cikinta, abin da ke haddasa kaushi da ƙaiƙayi da tsagewa.

Likitocin fata sun ce saman fata na da wani maiƙo da ke hana ruwa ficewa, kuma ruwa mai zafi sosai da sabulu mai ƙarfi na wanke shi.

Don haka suna ba da shawarar a riƙa amfani da ruwan ɗumi da sabulu marar turare, a kuma daina dirje fuska da soso.

Lokacin da ya fi dacewa a shafa mai shi ne 'yan mintoci bayan wanka ko alwala, tun fatar tana da laima. Sinadarin gilisarin yana janyo ruwa, yayin da man kaɗanya da basilin ke riƙe shi.

Ga wanda fatarsa ba ta jure sabon mai, gara ya fara gwada shi a damtse na 'yan kwanaki.

Sai dai babban haɗarin yana ga mayukan bilicin, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sinadarin sitiroyid. Sukan kwantar da ƙaiƙayi da farko, amma daɗewa ana shafa su na sa fata ta yi sirara.

Idan tsagewar ta kai ga jini ko ruwa, a je asibiti.